Aron Mamaci

Lahadi, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Ni Rumiya a fim! Na rubuta, na karanta, ga ni ni kaɗai a kicin ina ta dariya kamar sabuwar kamu. Yanzun nan ta fita, kofin gahawarta ma bai huce ba. Sunanta Inbar, darakta ce daga Tel Aviv, 'yar siririya, wandonta a yage a gwiwa. Har na fara tausayinta, ashe wai haka ake sayensa.

Ta ce an gaya mata duk garinmu Rosh Ha'ayin babu kamata a kukan makoki irin namu na Yaman. Na ce ba a yi miki ƙarya ba, 'yar nan, mu biyu muka rage, ɗayar kuma murya ta gudu ta bar ta. Fim ɗin na wata 'yar birni ce da ubanta ya rasu, ta dawo gida zaman makoki ta kasa zubar da hawaye, sai da wata tsohuwa mai kukan makoki ta ɓalle mata shi. Ni ce tsohuwar. Gidanmu ma take so, wai tayil ɗinmu da tsakar gida da bishiyar gat ɗin mijina Yefet sun yi mata.

Yefet ya tambaye ta ko akwai harbi. Ta ce babu, babu rawa ma, irin fim ɗin nan ne da za a daɗe ana nuna labule yana motsi. Ya ce, "To wa zai baro gidansa ya je kallon labule? Ai yana da nasa." Ta yi dariya har da ƙwarewa. Shi ya riga ni cewa mun yarda.

Ya ci rabin lahuh, masarmu ta Yaman, da safe.

Talata, 3 ga Nuwamba, da yamma

Mun je can, mun dawo. Asibiti dai asibiti ne. Wace riga zan sa a fim ɗin, baƙar mai aiki a wuya ko mai ruwan toka?

Alhamis, 5 ga Nuwamba, da azahar

Kai, 'yan boko da abin dariya suke. Inbar ta zo gwaji da kukan makoki a rubuce a takarda, da Ibrananci, layi-layi, wai in haddace. Na ce maganar fim zan yi miki da Ibrananci yadda kike so, amma kuka da Larabcinmu ake yi, kuma ba a haddace shi. Na ce gaya min, waye mamacin?

Ta ce sunansa Menahem.

Na ce me yake ci? A kan me yake faɗa? Yaya yake kiran matarsa in yana neman takalminsa?

Wai ai ba a ganinsa a fim ɗin, hotonsa kawai za a rataye, hoton ma a kasuwar gwanjo ta Yafo suka tsinto shi. Ikon Allah! Innata ta koya min, kafin ki shiga gidan mutuwa ki tsaya wurin maƙwabciya ki tambayi waɗannan. Sai ki shiga, ki rufe fuska da hankici, ki kira shi da abin da iyalinsa kaɗai suka sani, nan da nan za ki ji ɗaki ya rushe. To wannan na gwanjon wa ya san shi?

Ta ce in ƙirƙira. Na ce to, za mu gani. Na cika ta da miya da hilba har ta kwance maɓalli.

Asabar, 7 ga Nuwamba, bayan fitowar taurari

Yaya Badra ta ɓata min Asabar. Ita ce yayar Yefet, tun ina amarya ba ta taɓa ganin na ɗora tukunya daidai ba. Muna zaune ana cin ja'ala, kayan ƙwalam na Asabar, ta tsinci gyaɗa ɗaya ta ce, "Rumiya, na ji wai za ki yi kukan makoki a ɗakin nan."

Na ce wasa ne, Yaya, fim ne.

Ta ce, "Mutuwa ba ta san fim ba. In aka yi kuka a gidan da babu gawa, kira ne, ke ma kin sani. Kuma a gidan nan? Yanzu?" Sai ta kalli Yefet, ta kalli wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

Yefet ya ce, "Yaya, in muryar matata ce ke kiran mutuwa, ai da tuni na tafi, kullum a kaina take." Ni da shi muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Na sani, mana. Na san abin da ake faɗa. Amma Menahem na gwanjo zan yi wa, ina ruwan gidana?

Talata, 10 ga Nuwamba, da yamma

Can. Sun canza magani. Likitar ta riƙe min hannu tana magana, ni kuwa ba na son a riƙe min hannu.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Sun iso! Manyan motoci biyu sun toshe layi, wayoyi sun bi ko'ina kamar an zubar da taliya, fitila ɗaya ta fi ranar Allah haske. Hamama maƙwabciyata ta fito shara sau ba adadi, alhali ƙofarta tas take.

Wata yarinya ta zaunar da ni za ta yi min kwalliya. Na lumshe ido ina jiran a dawo min da kuruciya, da na duba madubi sai na ga kakata. Ashe tsufa suka ƙara min! Yefet ya ce yau ya ga abin da ya aura.

Maganata ta farko ita ce, "Zauna ƙasa, ba a zama a kujera." Ita kaɗai muka yi ta maimaitawa tun safe. In na faɗa da kyau, sai a ce jirgi ya wuce. In jirgi bai wuce ba, karen Hamama ya yi haushi. Inbar ba ta ɗaga murya, sai dai ta zo kunnenki ta ce, "Rage, Rumiya, rage." Haka take kirana gatsau, ba Goggo ba komai, kuma abin mamaki ban ji haushi ba. Da ta ce ya yi, kowa ya tafa.

Yefet ya wuni a gindin bishiyarsa yana koya wa mai ɗaukar sauti taunar gat. Shi bai tauna ba, riƙe ganyen kawai ya yi.

Juma'a, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Liat, jarumar fim ɗin, ta ce ina da idon kyamara. Ban san me ake nufi ba amma na gaya wa mai kanti da mai kifi.

Litinin, 16 ga Nuwamba, da yamma

Tirƙashi! Yau an yi abin da za a daɗe ana faɗa a unguwar nan.

Da sassafe yaran Inbar suka kafa rumfar makoki a ƙofarmu, suka jera kujerun roba, suka manna takardun sanarwar rasuwa masu baƙin gefe a jikin ƙofa da falwaya. Sunan Menahem ne a jiki ɓaro-ɓaro. Ina ciki ana ɗaura min ɗankwali sai na ji ihu. Na fito na tarar da layinmu kaf a tsakar gida: mata da tukwane, maza da littattafan addu'a, har mori, malaminmu, ya taho yana haki. Hamama ce a gaba tana "Wayyo Yefet, wayyo maƙwabcin arziki!" Sai ga Yefet daga gindin bishiya ya ce, "Na'am?"

Saura ƙiris tukunyar ta kuɓuce mata.

Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa. Ya ce, "Ku shigo, ku shigo, me kuka kawo min?" Ya bi tukwane yana buɗewa. "Haba Hamama! Ni zan mutu ki kawo miya ba ƙashi? Mori, kai ma ka zo? Rannan da na ce ka leƙo ni ai cewa ka yi ba lokaci." Aka bushe da dariya, wasu na share hawaye. Aka zauna a kujerun makokin aka cinye abincin tare da 'yan fim.

Ni ma na yi dariya. Daga baya na shiga banɗaki na buɗe famfo. Ba wanda ya tsaya karanta sunan, ko mutum ɗaya. Sun ga baƙin gefe a ƙofarmu, shi ke nan, suka ɗora tukunya.

Yaya Badra ce ta zo ƙarshe, ba takalmi. Ta tsaya ta kalli ƙaninta yana raba wa mutane burodi. Ta ce da ni, "Kin ga an fara amsawa ko? Ba zan sake taka gidan nan ba sai an kwashe wannan masifar." Ta juya.

Inbar ta same ni a kicin, fuskarta fari fat. Ta ce, "Rumiya, ban sani ba. Me ya sa ba ki gaya min ba shi da lafiya haka ba? Gobe mu kwashe." Yefet ya jiyo daga ƙofa, ya ce duk wanda ya taɓa waya ɗaya sai ya karya masa hannu. Da wane ƙarfin, oho.

Laraba, 18 ga Nuwamba, da la'asar

Na ji kunya yau, kunyar da ban taɓa ji ba.

An zo fitowar kukan. An rufe madubai, an zauna a ƙasa, Liat a gabana da yagaggiyar riga. Inbar ta so in bar fuskata a buɗe saboda kyamara. Na ce sam, ba a kuka fuska a waje, ta haƙura. Na rufa hankici, na fara kiran Menahem. Menahem zaki, Menahem bango. Abin ya fito kamar tallar tumatir. Muka sake, muka sake, har rana ta juya. Matan da aka ɗauko su zauna tare da mu, ɗaya har da hamma. Idon Liat ƙamas.

Inbar ta ce ba komai, amma na ga tana cizon yatsa. Talata ce ranarsu ta ƙarshe a gidan nan. Mai ɗaukar sauti ya gaya min in babu wannan fitowar, babu fim, komai a kanta aka gina shi.

Da suka watse Yefet ya kira ni gindin bishiya. Ya ce, "Ke tsohuwa, ari ni mana."

Na ce in are ka in yi me?

"Ki yi da ni. Kin san me nake ci, kin san a kan me nake faɗa."

Na ce rufe min baki.

Ya ce, "Tun muna yara nake zama ɓangaren maza ina jiyo ki ta bango kina yabon mazan mutane. Kowane shashasha ya mutu sai ki mai da shi sarki, har in ji ina kishi. Nawa kuma a ce ni kaɗai ne ba zan ji ba? Wannan adalci ne?"

Na jefe shi da tsumman hannuna na shige ɗaki.

Alhamis, 19 ga Nuwamba, da safe

Ba zan yi ba.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, da azahar

Ba zan yi ba, na gaya masa. Ina kwaɓin kubana, burodin Asabar, ya jawo kujera ya zauna a bakin kicin yana min famfo. "Kar ki manta ni na fara sayen firji a layin nan. Ki sa zancen muryata a majami'a. Zancen minshari kuma ki bar shi." Na ce in bai tashi ba zan sa zancen ranar da akuya ta kore shi har kan rufi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, tarin ya daɗe.

Abin haushin, ina murza ƙullu na tsinci bakina yana motsi. Kalmomin sun fara zuwa da kansu, ban kira su ba.

Bai iya zuwa majami'a ba yau. Cokali uku na miya, shi ma don ina tsaye a kansa.

Lahadi, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Na je wurin Yaya Badra da kubana. A bakin ƙofa ta tsayar da ni. Na gaya mata abin da ƙaninta ya roƙa. Ta ce, "Shi ciwo ne ke magana a bakinsa. Ke kuwa da hankalinki. In kika kira sunansa ya tafi, bakinki ne, Rumiya, kuma har in mutu ba zan yafe miki ba." Ta karɓi kubanar ta rufe ƙofa.

Ina tsoro. Na rubuta, to, ina tsoro.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da yamma

Likitar ta bugo. Ta ce gobe ba sai mun wahalar da shi da zuwa ba, wata ma'aikaciya za ta riƙa leƙo mu a gida. Yefet ya ce madalla, dama gobe yana da aiki. Ya ce in goge masa farar rigarsa ta Asabar.

Talata, 24 ga Nuwamba, da magariba

Na yi! Wayyo Allah, na yi!

Ya sa farar rigar, na kama masa ita da fil ta baya. Inbar ta ajiye masa kujera kusa da tata, ta sa masa abin saurare a kunne, ya harɗe sai ka ce shi ne mai fim ɗin. Na zauna a ƙasa, na rufa hankici. Niyyata Menahem zan kira, Allah shaida. Na ja numfashi, na buɗe baki, sai na ji "Ya Yefet" ya fita.

Daga nan ban san inda nake ba. Na kira shi mai shigowa gida da ƙafar hagu don ya ba ni haushi. Mai ɓoye min ɓargon ƙashi a ƙarƙashin burodinsa ya ce shi ba ya so. Wanda ya goya ni a cikin taɓon sansani shekarar da ruwa ya cinye tantuna, muna yara, ya ce nauyina kamar buhun gishiri. Na ce wa zai ce miyata ta yi gishiri ya kuma nemi ƙari? Wa zan yi wa faɗa da safe? Na ji ɗaki ya fara rushewa a bayana, irin rushewar da na sani. Liat da ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya tana gunji a cinyata. Na ce ya Yefet, ka tafi ka bar bishiyarka, wa zai ba ta ruwa?

Sai na ji daga bayan fitila, da ƙarfi, don abin kunnen ya hana shi jin muryarsa: "Ba dai ke ba! Kashe ta za ki yi!"

Na yaye hankicin. Ni da ban taɓa buɗe fuska a tsakiyar kuka ba. Na kalle shi, yana dariya hawaye na bin gemunsa, ni ma ina dariyar ina kuka, kyamara a kaina. Inbar ba ta ce a yanke ba. Ta toshe bakinta da hannu biyu ta bar abin yana tafiya, sai na mayar da kuka na ƙarasa ina kallonsa.

Da aka gama ba wanda ya tafa. Mai ɗaukar sauti ya fita waje. Inbar ta durƙusa ta sumbaci hannuna ta ce, "Goggo." Na je wurinsa na ce to, mai gida, yaya?

Ya ce, "Ba laifi. Kin manta firjin."

Kamar na hango shuɗin ɗankwali ta saman katangar Hamama. Wataƙila idona ne.

Laraba, 25 ga Nuwamba, da safe

Ya cinye lahuh guda cur, har da yaji! Ina Yaya Badra ta zo ta gani?

Lahadi, 29 ga Nuwamba, da azahar

Gida ya yi shiru, sai tabon tef a tayil. Inbar ta bugo daga ɗakin da suke haɗa fim. Ta ce ta kalla har ba ta san adadi ba. Wai maganar Yefet ta shiga sauti, za a iya gogewa, amma ita so take ta bari: a ji uban da ya mutu ya amsa daga inda ba a gani. Za ta sauya sunan uban ya koma Yefet, in mun yarda. Ya fizge wayar ya ce ya yarda, amma a cire hoton ɗan gwanjon nan a sa nasa na soja, kuma a rubuta sunansa sama da nawa. Ji min mutum! Wai za a kai fim ɗin ƙasashen waje. Ya ce in sayi takalmi mai kyau kar in ba shi kunya.

Alhamis, 3 ga Disamba, da yamma

Ruwan farko ya sauka. Yefet yana yawan barci.

Lahadi, 6 ga Disamba, da hantsi

Yaya Badra ta dawo. Ta kama ƙafa na kama kafaɗa muka juya shi.

Laraba, 16 ga Disamba, da la'asar

Ba a rubutu a kwanakin zaman makoki, sai jiya muka tashi. Talatar makon jiya ya tafi, da hantsi, taga a buɗe.

Da muka dawo daga maƙabarta ɗaki ya cika maƙil da mata, har na unguwannin nesa, kowa ya zo jin abin da Rumiya za ta yi wa nata. Hamama ta ɗora min hankici a cinya. Na duba cikina ban sami komai ba, na riga na ba shi duka. Aka fara ƙus-ƙus, na ji wata ta ce ai dama ita ta kira. Ban ɗaga kai ba, jira nake Yaya Badra ta faɗi abin da ta yi alkawari a gaban kowa.

Ta miƙo hannu ta ɗauke hankicin ta cusa a aljihunta. Ta ce, "Ku ƙyale ta. Ya karɓi nasa hannu da hannu, ina bayan katanga na ji. Wace ce a cikinku mijinta ya samu haka?" Sai ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Amma da kin sa masa firjin."

A nan ne na yi kuka, irin na kowa, ba waƙa.

Inbar ta zo rana ta uku, ba kyamara, da wando mara yaga. Ta zauna a ƙasa ba tare da an gaya mata ba.

Alhamis, 17 ga Disamba, da safe

Na ba bishiyar ruwa. Ya ce kashe ta zan yi. Za mu gani.